Bitar yanayin Agusta: abin da take faɗa game da Satumba

Idan wata ya ƙare, masu aikin duba yanayi sukan tattara alƙaluman da tashoshinsu suka rubuta su fitar da rahoto: ruwa nawa aka yi, a ina aka yi shi, kwana nawa aka ɗauka ba a ga ɗigo ba, koguna kuma sun kai ina. A Najeriya hukumar NiMet ce ke wannan aiki, NIHSA kuma tana lura da koguna da madatsun ruwa. Nijar tana da tata hukumar yanayi, sannan a Yamai ne cibiyar AGRHYMET take, wadda aka kafa a 1974 bayan farin da ya ɗaiɗaita yankin Sahel, tana bin sawun damina tun daga Senegal har Chadi. Yawancin rahotannin nan da Turanci ko Faransanci ake rubuta su, cike da taswirori masu launi-launi, shi ya sa ba kasafai suke isa kunnen manomin Gumel ko mai gidan ƙasa a Tasawa ba. Wannan abin takaici ne, domin a bitar watanni 12 na shekara babu wadda ta shafi rayuwar mutanen nan kamar ta Agusta. Ana ɗaukarta labarin abin da ya riga ya wuce, alhali rabinta gargaɗi ne a kan abin da Satumba ke tafe da shi.

Ruwan da ke sauka a ƙasar Hausa daga tekun Atilantika yake tasowa, ta wajen gaɓar Gini. Tun daga bazara, idan Sahara ta ɗauki zafi, iska mai danshi takan taso daga kudu maso yamma tana kutsawa arewa, tana tura busasshiyar iskar hamada baya. Inda iskokin biyu suka yi karo akwai wani layi da masana ke zanawa a taswira duk kwana 10. Layin yana hawa arewa sannu a hankali, ya kai ƙurewarsa a Agusta can arewa da Agadas, sannan cikin Satumba ya juyo kudu da saurin da ya fi na hawansa. Ruwa mai yawa ba a kan layin yake zuba ba, sai ɗaruruwan kilomita kudu da shi, inda danshin ya yi kauri. A Agusta wannan wuri yana faɗowa daidai kan Sakkwato, Katsina, Kano, Maraɗi, Damagaram da Maiduguri. Shi ne dalilin da ya sa kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan shekara a waɗannan garuruwa yake sauka cikin wata guda, watan marka. A daidai wannan lokaci Legas da Ibadan sukan sami ɗan tsaikon ruwa, saboda daminar ta bar su ta hau arewa. Malamai masu lissafin taurari sun daɗe suna yanka wannan lokaci kwana 13-13, suna ambaton Nasara da Ɗarfa da Jabaha. Masanan zamani kwana 10-10 suke yankawa, amma abin da kowa ke nema ɗaya ne, wato sanin inda damina ta kai.

Mai lura zai ce, to in danshin daga kudu maso yamma yake zuwa, me ya sa hadari daga gabas yake haɗowa? Amsar tana sama. Kimanin kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Hadari yakan fara haɗuwa da yamma a kan tuddai, irin su tsaunukan Darfur, duwatsun Ayar, tudun Jos da tsaunukan Kamaru, sai wannan iska ta jera shi ya zama layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, ta kora shi yamma. Shi ne za a ga gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai ƙura ta riga shi isowa, mata na rige-rigen kwashe shanya, sannan ruwa ya tsuge. Irin waɗannan manyan hadarurruka su ne ke kawo mafi yawan ruwan Sahel, kuma a damina guda ba su da yawa. Idan ƙauye ya kuskure uku ko huɗu daga cikinsu, shekararsa ta canja. Wasu daga cikin igiyoyin iskar da ke ɗauke da su, in sun wuce Senegal suka faɗa teku, su ne ke rikiɗa su zama guguwar da ke dukan tsibiran Karebiyan da Amurka.

Abu na farko da za a ci karo da shi a rahoton wata shi ne milimita. Ma'aunin ruwan sama ba wani abin mamaki ba ne: mazurari ne a kan gwangwani, an kafa shi a fili nesa da itace da gini. Kowace safiya a lokaci guda ma'aikaci zai juye abin da ya taru cikin wata siririyar kwalba mai zane-zane, ya ɗaga ta daidai idonsa, ya rubuta lambar a littafi. Milimita 1 na nufin lita 1 ta zuba a kan kowane fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. A ɗauki rufin kwano mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi. In an yi ruwan milimita 50, lita 5,000 ce ta gangaro daga kansa, jarka 200 ke nan ta mai lita 25. Ranar 30 ga Agusta 2024 hukumomin Maraɗi sun ce milimita 150 ta zuba a birnin cikin awa ɗaya da rabi. A kan wancan rufi jarka 600 ke nan, fiye da rubu'in ruwan da garin ya saba samu a shekara. Mutum 15 aka ce sun rasu a wannan ruwa.

Sai kalmomin "sama da yadda aka saba" ko "ƙasa da yadda aka saba". Abin da ake nufi shi ne an gwada ruwan bana da matsakaicin shekaru 30, kuma a yanzu shekarun 1991 zuwa 2020 ake amfani da su. Wannan yana da muhimmanci, domin ma'aunin kansa yana motsi. Shekarun 1950 sun yi ruwa sosai a Sahel. Sai aka shiga fari mai tsanani a 1972 zuwa 1974, aka sake shiga wani a 1983 zuwa 1985, wanda 1984 ta fi muni a cikinsa. Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa. Saboda haka dattijon da ya yi ƙuruciya kafin samun 'yancin kai, in ya ce ruwan yanzu bai kai na da ba, yana da hujja. Wanda ya tashi cikin shekarun fari, in ya ce bai taɓa ganin ruwa irin na yanzu ba, shi ma gaskiyarsa ya faɗa.

Amma jimillar wata, wadda ita jaridu suka fi ɗauka, ita ce ta fi ruɗar mutane. A ce garuruwa biyu kowanne ya sami milimita 200 a Agusta. Na farko a zubi 14 ya same ta, kwana biyu ruwa, kwana biyu rana. Na biyu a zubi huɗu, biyu a makon farko, biyu a na ƙarshe, tsakani kuma kwana 15 ƙasa na ƙuna. A takarda sun yi kunnen doki, a gona kuwa ba su haɗa hanya ba. Gero a wannan wata yake yin ciki, ya fid da kai, ya yi bununi, kuma a nan ne ya fi buƙatar danshi. Ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa. Kwana 10 ba ruwa a wannan gaɓa ya isa ya bar zangarniya da ido jefi-jefi. Ruwan da ya zo a fusace kuma rabinsa ba ya shiga ƙasa, gudu yake yi ya tafi da taki da ƙasar sama zuwa kwari. Don haka mai karanta bita kada ya tsaya a jimilla. Ya nemi yawan ranakun da aka yi ruwa, da tsawon tsaiko mafi daɗewa, da ruwa mafi yawa da ya zuba a rana guda.

Wannan lamba ta ƙarshe ita ce ke ƙara tashi. A 2017 wani ayarin masana ƙarƙashin Christopher Taylor na Ingila ya wallafa bincike a mujallar Nature, bayan sun bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru 35. Sun gano cewa hadarurruka mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Dalilin da suka bayar shi ne Sahara tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, bambancin kuma yana ƙara wa iskar da ke haɗa hadari ƙarfi. Ga shi kuma iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi: ƙarin digiri 1 na ma'aunin Salshiyos yana ba ta damar riƙe ƙarin kusan kashi 7 cikin 100. Daminar da ta dawo bayan shekarun fari ba irin wadda ta tafi ba ce. Ta fi zuwa a dunƙule, da tsaiko a tsakani.

Shekarar 2024 ta nuna wannan a fili, kuma ta dace a yi darasi da ita. A waccan damina layin nan na karon iskokin biyu ya wuce inda ya saba tsayawa, ya nausa arewa sosai. Cikin Agusta ambaliya ta kashe mutane sama da 50 a Tibesti, can tsakiyar hamadar Chadi, inda akan yi shekara ba a ga ruwan kirki ba. Tsohon garin Agadas mai ginin ƙasa ya sha ruwan da ba a gina shi dominsa ba. A farkon Satumba ruwan ya kai kudancin Maroko, har busasshen tabkin Iriki ya cika. Cikin Agustan kuwa arewacin Ghana na fama da tsaikon ruwa na makonni, masara na bushewa a gonakin yankin Tamale, har gwamnatin ƙasar ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya ranar 26 ga Agusta. A wasu jihohin tsakiyar Najeriya ma an fita roƙon ruwa a watan da aka saba kukan yawansa. Abu ɗaya ne ya haifar da duka biyun: ruwan ya yi ƙaura zuwa arewa. Amfanin karanta bitar yanki gaba ɗaya ke nan maimakon ta gari guda, domin farashin masara a kasuwar Dawanau ba ruwan Kano kaɗai ke yanke shi ba.

Wanda ya karanta labarin Agustan 2024 a ƙarshen watan zai ga alamu jere. Ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum na jihar Bauchi. Manyan hanyoyin shiga Yamai sun katse na ɗan lokaci. Mali ta ayyana dokar bala'i ta ƙasa ranar 23 ga wata. Madatsar Arba'at da ke kusa da Port Sudan ta ɓalle kafin watan ya fita. Sai ga Maraɗi. Duk wannan na faɗin abu guda: ƙasa ta ƙoshi, tabkuna sun cika, madatsu sun kai wuya. Daga nan ba sai an yi wani gagarumin ruwa ba, matsakaici ma ya isa.

Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san yadda irin wannan ke faruwa. Ba ruwan rana ɗaya ke kayar da katanga ba. Danshi ne ke hawa daga gindinta, launinta ya yi duhu kamu ɗaya, kamu biyu, yaɓe ya fara ɓamɓarewa, indararo ya toshe ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta. Rana ba ta fito ta busar da ita ba sai wani ruwan ya sake zuwa. Sau da yawa cikin dare take zubewa, mutane na barci. Shi ya sa hukumomin Nijar suke raba alƙaluman mamata gida biyu, waɗanda ruwa ya ci da waɗanda gini ya faɗa wa.

Mako guda bayan haka, daren 9 wayewar 10 ga Satumba, madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri, ta ɓalle bayan ta yi kwanaki tana tumbatsa. Ruwa ya shiga fadar Shehun Borno, da Kasuwar Monday, da asibitin koyarwa na jami'a, da gidan namun daji na Sanda Kyarimi, da gidan yari inda fursunoni sama da 270 suka tsere. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Madatsar nan ta taɓa yin haka a 1994, shi ma cikin Satumba. Da aka kammala lissafin daminar, Nijar ta ƙirga mamata kusan 400 da mutum sama da miliyan 1.5 da abin ya shafa, har aka ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Chadi ta ƙirga mamata 576 da mutum miliyan 1.9.

Koguna kuma suna da nasu jinkirin, kuma a nan ne bitar Agusta ta fi amfani, domin tafiyar ruwa a kogi abu ne da ake iya lissafawa. Kogin Kwara yana cika sau biyu a Yamai. Akwai jar cika ta Agusta da Satumba, wadda rafukan Sirba da Dargol da Gorouol ke kawowa daga wajen Burkina Faso ɗauke da jar ƙasa, sannan akwai cikar da ke tasowa daga tsaunukan Gini, wadda ba ta isowa sai cikin hunturu. Ta farkon ce ke yin ɓarna: a Yamai in ruwa ya kai santimita 620 an shiga matakin gargaɗi mafi tsanani, kuma a Satumban 2020 ya kai kusan 700. A ɓangaren Binuwai akwai madatsar Lagdo kusa da Garwa a Kamaru, wadda in ta cika dole a saki ruwa. Ya bi ta Yola da Makurɗi ya haɗu da Kwara a Lakwaja, inda ruwa ya fi tashi a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Haka aka yi a 2012, haka aka yi a 2022, shekarar da Najeriya ta rasa mutum sama da 600. Ruwan da ya zuba a ƙasar Kano yana bi ta madatsun Tiga da Challawa ya gangara Ringim da Auyo da Haɗeja, inda kacalla ta toshe hanyoyinsa. Wanda ya wuce nan ta kogin Komadugu ba ya cika bakin Diffa sai Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da sama ta riga ta washe. Kogunan Logon da Shari ma a wannan lokaci suke kai ƙurewarsu a Kusiri da Injamena. Mutumin Diffa yana iya ganin ambaliyarsa a rahoton Kano wata biyu kafin ta iso ƙofarsa.

Ba daidai ba ne a jibga komai a kan sauyin yanayi. Gaskiya ne ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta ce ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan 2024 ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 cikin 100 a yankunan kogin Kwara da tabkin Chadi. Amma kashi 20 ba shi ke nutsar da gari ba sai ya tarar da madatsar da ba a gyara ba, da gidaje a kan hanyar ruwa, da magudanan da leda ta cike, da kududdufan da aka cike aka yanka filaye. A karkara kuma akwai faƙo. Inda aka sare itatuwa ƙasa ta taurare, ruwa ba ya shiga, gudu yake yi. Masu nazarin koguna sun daɗe da lura cewa rafukan Sahel sun ƙara kawo ruwa ko a shekarun da ruwan sama ya ragu, saboda wannan dalili. Aikin da manoman Tawa da Maraɗi suka yi na haƙa ramukan tassa da rabin-wata da barin itatuwa su tofo a gona, aikin rage ambaliya ne kamar yadda yake aikin neman hatsi.

Zafi ba ya ɗaukar wuri mai yawa a bitar Agusta, domin rana ta fi sauƙi a wannan wata: a Kano takan tsaya wajen digiri 30, alhali a Afrilu tana dosar 40. Danshi ne ke da yawa, kuma shi sauro ke so. Zazzaɓin cizon sauro yana bin ruwa a baya da makonni kaɗan, saboda haka Agusta mai yawan kududdufai na nufin asibitoci cike da yara a Satumba da Oktoba. Dalilin ke nan da ake bi gida-gida wata-wata a damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012. Zagayen ƙarshen damina bai kamata a yi wasa da shi ba don an ga ruwa ya fara ja. Inda ambaliya ta haɗa masai da rijiya kuma sai amai da gudawa. A 2021 Najeriya ta sami mutum sama da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, Bauchi da Jigawa da Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsanani.

Ga manomi, tambayar Satumba ita ce yaushe ruwa zai ɗauke. Gero ya kusa shiga hannu, shi rana yake so. In ruwa ya zarce yana iya yin baƙi ko ya tsiro a dami. Dawa da wake da maiwa kuwa suna neman ruwa har ƙarshen wata. Wanda ya yi shuka a makare, ko ya sake shuka bayan tsaikon Yuli, idonsa na kan saurin da layin nan ke janyewa kudu, kuma rahotannin kwana 10-10 suna nuna shi. Makiyayi shi ma yana da rabonsa: a ƙarshen Satumba ake auna yawan ciyawar da daji ya fitar da cikar tabkuna, kuma daga nan ake gane ko garken da suka hau arewa wajen gishirin Ingal za su daɗe a can ko za su gangaro da wuri, gonaki ba a gama kwashe su ba.

Akwai gyara guda da ya kamata a riƙa yi wa kowace taswira. Tashoshin auna ruwa a yankinmu sun yi kaɗan ƙwarai, saboda haka yawancin launin da ake gani a taswira ƙiyasi ne daga tauraron ɗan'adam, wanda ke auna sanyin saman gajimare ya yi hasashen abin da ya zubar. A faɗin jiha ƙiyasin yana kusantar gaskiya, a gona guda kuwa yana iya kaucewa nesa, domin hadari na iya jiƙa wannan ƙauye sharkaf ya bar na gaba da shi da ƙura. Nijar ta yi abin koyi a nan: akwai ma'auni a garuruwa da ƙauyuka da yawa, kuma gidan rediyon ƙasa yana karanto milimitar da kowane wuri ya samu, har manoma suka saba da lissafin. NiMet tana fassara taƙaitaccen hasashenta na shekara zuwa Hausa, amma wannan a farkon shekara ake fitar da shi. Abin da ya rage shi ne bitar Agusta ita ma ta riƙa fita da Hausa a makon farko na Satumba, a gidajen rediyon jihohi, tare da matakin ruwan Tiga, Goronyo, Alau da Lagdo, da sunayen garuruwan da ke ƙasa da kowace madatsa, da kwanakin da ruwa ke ɗauka kafin ya isa kowannensu.